Shekarar da Hedimasta Bai Ƙetare Ba

Ni dai ban taɓa son kamun kifi ba. Gara in faɗi wannan tun farko, kada wani ya zaci labarin masunci zai ji. Ma'aikacin ofis ne ni, a Keffi nake kwana, a Abuja nake aiki. Ina idar da sallar asuba sai tasha, a cusa mu mu huɗu a bayan mota, mu bi ta Masaka, mu maƙale a gosulon Mararaba, mu sake maƙalewa a Nyanya. In na dawo gida ƙafafuna sun kumbura a cikin takalmi, wani lokaci ma a gaban kwanon tuwo nake gyangyaɗi. Asabar kaɗai ce tawa, kuma ba abin da nake so in yi da ita sai barci.

Amma akwai Baba Hedimasta, kuma akwai shinge.

Baba maƙwabcinmu ne tun ina yaro, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa a bayan Tudun Ƙofa. Ɗan ƙabilar Mada ne, Kirista, tsohon hedimastan firamare da ya koyar da rabin unguwarmu, har da ni, kuma har yau ban manta bulalarsa ba. Da mahaifina ya rasu shi ya tsaya mini, shi ya raka ni har Abuja neman wannan aikin da nake ta ƙorafi a kansa. Ba ya kiran sunana. "Mutumin Abuja" yake ce mini, ko a gaban baƙi.

Kamun kifinsa na 'yan kwanaki ne a shekara, farkon damina, lokacin da shinge ke fitowa, garar nan mai fukafukai da ke rufe fitila da magariba in an yi ruwa mai ƙarfi. Mutane su tara a roba su soya. Baba kuwa sai ya tsugunna ya zaɓi masu rai, waɗanda fukafukansu ba su zube ba, ya sa su a gwangwanin madara da ya huhhuda wa murfi, ya jefa musu ɗanyen ganye. Washegari da sassafe sai rafi, ni a gaba a kan mashin, shi a baya.

Ba ya amfani da tana. Ya ce kamun kifi da tana aikin malalata ne, ka jefa ka zauna kana hamma. Nasa daban ne: doguwar gora siririya, zare mai laushi, 'yar ƙugiya ƙarama, ba dalma ba komai da zai nutsar da ita. Sai ya soke shinge ta baya a hankali don kada fukafukan su karye, ya kaɗa gorar sau biyu a iska, ya sauke shi a saman ruwa can sama da inda yake tsaye. Ruwa ya taho da shi yana fuffuka, kifin nan kawara ta taso daga ƙasa ta cafke. Ni aikina riƙe gwangwani da buhu, da shan faɗa in inuwata ta faɗa kan ruwa.

Rafin daga duwatsu yake gangarowa, in ka kama hanyar Akwanga ka ratse hagu, kuma akwai ɗan dam a samansa da ke tumbatsa da zarar damina ta kankama. Wurin Baba wani faffaɗan dutse ne a tsakiyar rafin, inda ruwa ke rabuwa biyu ya sake haɗuwa. A nan kawara ke taruwa, amma sai ka ƙetare mashigi kafin ka kai. A bakin mashigin akwai wani dutsen mai gurbi uku a jikinsa, ɗaya bisa ɗaya, shi ne ma'aunin Baba. In ruwa bai kai gurbi na biyu ba, a shiga, iyakarsa cinya. In ya shafe na biyu, a koma gida, ko da gwangwani cike yake. Tun ina ɗan makaranta da wannan awon yake aiki, bai taɓa ba shi kunya ba.

Shekarar da nake magana a kai, Mama, matar Baba, ba ta daɗe da rasuwa ba. Da rani ya zame a banɗaki, ya yi kwanaki yana ɗingishi yana ɓoyewa, sai da matata ta hango shi ta katanga. Autarsa nas ce a Abuja, tare muka taso, Yaya take ce mini. Ta zo ta ce ya tattara ya koma wurinta. Ya ce ba inda za shi. Ta yi kuka, ya yi shiru. Ta yi faɗa, ya kunna rediyo. A ƙarshe, ina zaune a wurin, ya kashe rediyon ya ce mata, "To ji nan. Shinge na fitowa zan je rafi. In na ƙetare zuwa dutsena da ƙafata, ki ƙyale ni in zauna a gidana. In ban ƙetare ba, ni da kaina zan ɗaure jaka."

Ta juyo ta dube ni. "Yaya, kai ne shaida. Amana ce fa. Abin da ka gani shi za ka gaya mini."

Na ce to. Me zan ce?

Akwai abin da su biyun ba su sani ba. Ina da ɗan fili a hanyar Nasarawa, shekaru ina tara bulo a kai kaɗan-kaɗan, don in fitar da iyalina daga ɗaki biyun da muke cunkushe a ciki. A ranin nan ne na samu na fara ɗaga gini. Magini ya ce yashin da ake kawo mana duk ƙasa ce, in nemo mai kyau. Ni kuwa na san inda yashi mai kyau yake, ai shekara da shekaru ina taka shi a bayan Baba. Na hau gaban tifa, na nuna wa direba hanya har bakin mashigin. Lokacin rafin ya ƙafe, sai ɗan ruwa a gefe. Masu lodi suka sa shebur daidai tsakiya. Ni lodi uku na ɗauka na ce ya ishe ni. Amma direba ya ga wuri, ya gaya wa 'yan'uwansa, kafin ruwan farko sun mai da mashigin kasuwa. Labari ya zo mini, na ce a raina ai ruwa na zuwa zai cike ramin. Ban koma na duba ba. Ina na ga lokaci?

Wata Juma'a aka tafka ruwa tun la'asar, na sauka a tasha a jiƙe sharkaf. Ina shigowa unguwa na ga mata da robobi a gindin kowace fitila, shinge na ta zuba. Na san gobe sai rafi. Da asuba, na idar da salla na koma in ɗan ƙara barci ke nan, na ji gora na ƙwanƙwasa ƙofar gida.

"Mutumin Abuja! Ko ka mutu ne?"

"Saura kaɗan, Baba."

"To ka bari sai mun dawo."

Na fito da mashin ina jan ƙafa. Ya sha tsohon wandonsa na kaki, ya aske gemu tas, har da hula. Yana ta wasa da dariya a hanya, gorar tana lilo a samanmu. Na yi niyyar gaya masa a nan, wallahi na yi niyya, ina jiran mu bar kwalta ne hayaniyar motoci ta ragu. Da muka ratse, sai ga hanyar daji duk ta farfashe, tayoyi sun yi mata kwatami biyu, ruwa ya kwanta a ciki.

"Su wa suka ɓata hanyar nan haka?" in ji Baba.

"Masu tifa ne, Baba. Ko'ina suna nan yanzu."

Ya yi dogon tsaki. "Ɓarayin ƙasa. Da su da masu aiken su."

Shi ke nan, bakina ya rufe. Na mai da hankali kan kauce wa taɓo.

Tun daga nesa muka jiyo rafin. Ruwan ja wur, yana gudu, yana tafe da rassa da ledoji da karan masarar bara. Ya shafe duk alamar shebur da ta taya a bakin mashigin, wurin ya koma kamar ba wanda ya taɓa shi. Baba ya wuce kai tsaye wurin dutsen awo, ya duƙa, ya sa tafin hannunsa tsakanin ruwa da gurbi na biyu. Akwai sauran yatsu huɗu. Ya miƙe yana murmushi.

Na ce, "Baba, ruwan nan ya yi ƙarfi. Mu bari sai mako mai zuwa."

"Mako mai zuwa shinge na zaune yana jiran ka? Kai, aikin ofis ya gama da kai. Dubi dutse mana."

"Na gani, amma dai, Baba..."

"Amma me?"

Ya juyo ya zuba mini ido ta saman tabarau. Maganar ta zo har bakina. Ga ni magidanci, da 'ya'ya huɗu da furfura a gemu, amma na tsaya kamar ɗan aji uku da aka kama da littafin wani. Kunya ce ta riƙe ni, ba wani abu ba. Kuma na gaji, na gaji da bayani tun kafin in fara shi. Na ce a raina wata ƙila ramin ya cike, in kuma bai cike ba ai ina bayansa.

"Ba komai, Baba," na ce.

Ya naɗe ƙafar wando, ya miƙo mini gwangwanin shinge da buhu. "Kada ka taɓa ni," ya ce. "In ka riƙe ni, ba ni na ƙetare ba, kuma kai ne za ka yi wa yarinyar nan ƙarya."

Ya shiga, gora a ɗage a hannun dama. Taku goma sha shida ne daga baki zuwa dutsensa, kullum a fili yake ƙirga su, al'adar malanta. Ɗaya, biyu, ruwa a ƙwauri. Biyar, shida, ruwa a gwiwa. Yana tafiya daram, yana jingina jikinsa da ƙarfin ruwan yadda ya saba, ba alamar ɗingishi. Ina bin sa taku biyu a baya, har na fara jin sanyi a raina. Bakwai. Takwas, ruwa a cinya, daidai yadda dutse ya faɗa.

Bai ce tara ba. Sai kawai na ga hula a kan ruwa.

Na yar da abin da ke hannuna na faɗa. Ni ba gwanin iyo ba ne, ƙafata ta nemi ƙasa ta rasa, na sha ruwa mai ɗanɗanon laka. Hannuna ya kama wani abu, ashe wuyan rigarsa ne, na damƙe. Ruwa ya juya mu, ya buga mu da wani abu, ya sake juya mu. Ban san yadda aka yi ba, sai na ji saiwar itace a haƙarƙarina, na rungume ta da hannu ɗaya. Da ja da rarrafe muka fito a gefen da muka shiga, can ƙasa da mashigin.

Baba ya daɗe yana tari, yana amayar da ruwa. Tabarau ya tafi, hula ta tafi, gorar ma na hango ta tana juyi a wata kwana kafin ta ɓace. Gwangwanin ya buɗe, shingen da ya tsugunna ya zaɓa ɗaya bayan ɗaya suka bazu a kan ruwa suna fuffuka. A gabanmu kawara suka taso suna cafka, nan da can, manya-manya. Muka zauna muna kallo har suka cinye.

"Ƙafata ce," in ji Baba, ba tare da ya dube ni ba. "Na aike ta, ba ta je ba."

Na kau da kai na dubi ruwa.

"Takun nan na tara, ko ido rufe na san shi. Akwai ɗan tudun yashi a wurin. Yau na taka ban ji komai ba." Ya murza gwiwarsa da hannu biyu. "Yarinyar nan ta fi ni gaskiya."

Na cire rigata na matse, na cire tasa na matse, na taimaka masa ya hau mashin. A hanyar dawowa ya riƙe ƙuguna da hannu biyu, abin da bai taɓa yi ba.

Da azahar autar ta kira. "Yaya, ya ƙetare?"

"Bai ƙetare ba. Ya faɗi a ruwa, amma lafiyarsa lau."

Ba ƙarya ko ɗaya a cikin abin da na faɗa, shi ya sa ya fi ci mini rai. Na shiga ɗaki na kwanta, ga Asabar, ga gado, ga gajiya, amma barci ya ƙi zuwa.

Mako biyu Baba ya yi yana shiri. Ya raba kajinsa, ya ba matata turmin Mama da manyan tukwane, ya kai littattafansa coci. Duk wannan a bakin matata nake ji, don ni na samu mafaka a wurin aiki. In fita bai buɗe ƙofa ba, in dawo ya rufe. Ban taɓa gode wa gosulon Mararaba ba sai a kwanakin nan.

Ranar tafiya ma Asabar ce. Motar autar na ƙofar gida, tana ta shirya kaya a but. Na shiga na same shi zaune a kan akwatinsa na ƙarfe a tsakiyar falo, ba kujera ba labule, sai alamar inda hotuna suka zauna a bango. Ya sa sabon tabarau da bai yi masa kyau ba. Na tsugunna a gabansa.

"Baba, ba ƙafarka ba ce."

Ya dube ni.

"Rami ne a wurin. Masu tifa sun kwashe yashin da rani. Ni na kai su, Baba. Ni na nuna musu mashigin, don ginina. Na sani tun kafin ka shiga."

Ina jin autar a waje tana faɗa da but ɗin da ya ƙi rufuwa. Na so ya zage ni, wallahi da ya ɗauko bulalar nan tasa ta da, da na miƙa hannu da murna.

"Da ka faɗa mini a bakin ruwa," ya ce a hankali, "da mun zagaya ta sama. Akwai wata hanya ta kan duwatsu, daga gindin ɗinyar nan. Ta fi tsawo, amma tifa ba ta isa can ba. Da na ƙetare."

Ban san da wannan hanyar ba. Duk shekarun nan ban taɓa tambaya ba, gwangwani kawai nake riƙewa ina hamma.

"Bari in gaya mata," na ce. "Yanzun nan. Sai a sake, in an yi wani ruwan."

"Shinge ya wuce."

"To baɗi."

"Zauna, mutumin Abuja." Ya dafa kafaɗata. "Na ce mata in ban ƙetare ba zan tafi. Ban ce in ban ƙetare ba saboda kaza ko kaza. Yaro nawa na kayar a jarrabawa, suna kuka suna cewa biro ne ya ƙi rubutu? Yarinyar nan ta share ɗaki, ta sayi katifa, mako biyu tana barci da kwanciyar rai. Ka bar ta."

Hawaye suka zubo mini, na kasa tsayar da su. Ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe da kansa, ya ƙi in kama shi. Har ya kai ƙofa ya juyo.

"Yashin ya yi kyau kuwa?"

"Ya yi kyau, Baba."

"To ka gama ginin."

Ban gama ba. Yana nan a linta har yau, ciyawa ta fito a falo, damina biyu ta dake shi. Kullum sai motarmu ta wuce ta kusa da unguwar da Baba yake, a bene hawa na uku, tagogi duk da raga. Na hau sau huɗu ko biyar. Yana lafiya, ya yi ƙiba, yana kallon talabijin da rana tsaka.

Bana, wata Juma'a da magariba, ina cikin mota a Masaka ana ruwa, wayata ta yi ƙara. Shi ne.

"Mutumin Abuja, sun fito?"

Na leƙa ta taga. Sun rufe fitilar wani mai shayi, har ba a ganin ƙwan. "Sun fito, Baba."

"Nan ba sa zuwa," ya ce. "Gobe ka je ka duba mini dutse."

Na so in ce na gaji, don na gaji. Amma da asuba na fito da mashin, ni kaɗai, ba gora ba gwangwani. Hanyar ta ƙara lalacewa, sau biyu ina sauka ina turawa. Ruwan ja ne kamar na waccan shekarar. Na duƙa na sa hannu a jikin dutsen, sannan na kira shi.

"Bai kai na biyu ba, Baba. Saura yatsu uku."

Na ji numfashinsa a waya, da ƙarar talabijin a bayansa.

"Ana shiga ke nan," ya ce. "Ka bi ta sama. Daga gindin ɗinya, ka sa ƙafar hagu a kan baƙin dutse. Kana ji na?"

"Ina ji, Baba."

"To cire takalmi. Ina ƙirga maka."

Na cire takalmin, na naɗe wando, na nufi gindin ɗinyar da waya a kunne.